Matan Ƙauyenmu Sun Zo Kallon Seoul

Talata, 2 ga Yuni, da yamma

Yau ma Gwaggo ta miƙo mini makirfo, yau ma na ɓuya a bayan kujera. Tsofaffin da muka kai yawon kallo suka yi ta dariya. Wani mai farin gemu ya ce, "Malama mai tuta, wannan 'yar taki kurma ce ko bebiya?" Gwaggo ta ce, "Duka biyun, Baba, sai dai in an kawo abinci."

A bas ɗin yawon kallo kowa sai ya yi waƙa. Makirfo yana bin kujeru, ya zo kanka ka yi ko da muryarka ta kwaɗo ce. Ni tun da na gama firamare aka turo ni Seoul wurin Gwaggo ban taɓa yi ba. Gwaggo ce ke gaba da tutarta tana bayanin fada da hasumiya da kasuwa. Ni aikina raba dafaffen ƙwai da tsayawa a ƙarshen layi don kada wata tsohuwa ta ɓata.

A hanyar komawa kuwa sai rawa. Su tashi su cika tsakanin kujeru, motar na girgiza. An hana, amma wa yake ji? Kawu Pyo direba da ya hango 'yan sanda sai ya kashe kaset ya ce, "Ku zauna!" Nan take kowa ya zauna kamar bai taɓa motsi ba.

Laraba, 3 ga Yuni, da safe

Inna za ta zo! Ta bugo waya daga kantin ƙauye. Matan ƙauyenmu sun kusa gama dashen shinkafa, sun ɗauki motarmu ranar ashirin da shida. Kawu Pyo zai je ya kwana a can, ya kawo su da sassafe, ya mayar da su da yamma. Inna ba ta taɓa ganin Seoul ba. Ta ce fada da hasumiya duk na banza ne, ita ɗanta na jami'a take son gani.

Yaya Sangpil ya ce, "To 'yar akuya, a gaban Inna dai sai kin yi waƙa." Haka yake kirana, wai da ina ƙarama kukana irin na akuya ne. Na jefe shi da matashi.

Juma'a, 5 ga Yuni, da yamma

Yaya ya shigo da farin man goge baki a ƙarƙashin idanunsa, wai yana rage zafin hayaƙin 'yan sanda. Rigarsa na warin barkonon tsohuwa, har ni da nake bakin ƙofa na yi ta atishawa. Gwaggo ta finciko rigar ta cusa a bokiti.

"Saniyar uwarka aka sayar don ka je ka yi jifa a titi?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ni da na wanke maka kashi? Ɗan nema!"

Ta kai masa duka da ludayi, ya kauce yana dariya. Ya ɗauki cokali ya hau cin abinci. 

Laraba, 10 ga Yuni, da magariba

Motarmu ta maƙale kusa da babbar kasuwa. Titi ya cika da masu zanga-zanga, motoci na ta oda. Sai ƙara kamar ana fasa duwatsu, hayaƙi ya rufe komai. Kawu Pyo ya ce a rufe tagogi.

Masu fararen hulunan kwano suka fito daga lungu da gudu. 'Yan sanda ne, amma ba kaki suke sawa ba, kayan gida ne, sai hular da kulki. Suka kama wani yaro daidai tagar da nake. Bai kai Yaya girma ba. Ya ɗaga hannuwa sama, suka kwaɗa masa kulki a hannuwan. Ya faɗi, suka taka shi. Ɗaya ya riƙe gashinsa yana buga fuskarsa a jikin motarmu. Ina jin bugun a kujerata.

Gwaggo ta ɗauki makirfo ta ce, "Iyayena, ku dubi hannun dama." Babu komai a hannun dama sai bango. Duk suka dubi bangon.

Da muka dawo ni na wanke gefen motar. Ruwa bokiti bayan bokiti.

Alhamis, 11 ga Yuni, da safe

Yaya bai kwana a gida ba.

Asabar, 13 ga Yuni, da safe

Bai dawo ba. Gwaggo ta rufe shinkafarsa da kwano ta tura ƙarƙashin bargo don kada ta huce.

Litinin, 15 ga Yuni, da rana

Ya zo shi da abokinsa Yaya Tonguk. Suka cinye tukunya guda a tsaye suka fita. Yaya Tonguk ya ba ni alewa ya ce, "Ƙanwa, kin iya magana kuwa?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To ai shi ke nan, na ji."

Alhamis, 18 ga Yuni, bayan magariba

Yaya Tonguk ne ya goyo shi. Na ɗauka jar riga Yaya ya sa. Farar rigar nan ce da na goge masa.

Gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi a sama da idon hagu. Fatar ta buɗe har ana ganin fari a ciki. Gwaggo ta ce asibiti. Yaya Tonguk ya ce a'a, 'yan sanda suna tsaye a ƙofar asibitin suna jiran masu rauni, kuma sunan Yaya suke nema musamman.

Gwaggo ta yi aikin ɗinki kafin ta fara riƙe tuta. Ta tafasa allura da zare. Ta zuba giya a kan ciwon. Ta ce in zauna a kan ƙafafunsa, Yaya Tonguk ya danne kafaɗu. Muka cusa masa tawul a baki. Duk da haka maƙwabta sun ji. Wata ta ƙara muryar rediyonta.

Yaya Tonguk ya fita wai zai samo magani.

Juma'a, 19 ga Yuni, da rana

Bai dawo da maganin ba. Na je zubar da shara a lungu na ga takalminsa ƙafa ɗaya. Akwai wani abu kuma a ƙasa kusa da shi. Ba zan rubuta ba.

Gwaggo da na nuna mata takalmin ba ta tsaya komai ba. Kafin la'asar an ɗauke Yaya a amalanke, an rufe shi da buhunan kabeji, zuwa rumbun ƙawarta mai sayar da taliya a kasuwa.

Asabar, 20 ga Yuni, da yamma

'Yan sanda sun zo. Su biyu. Ba su cire takalma ba, haka suka taka shimfiɗarmu.

Suka yaga katifa, suka watsar da littattafan Yaya. Ɗaya ya harbi tulun kimci, kabejin da muke tsimawa, da ƙafa ya fashe. Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan sati guda rabona da shi." Ya mare ta da bayan hannu, ɗankunnenta ya tsinke da fatar.

Ɗayan ya finciko ni da gashi. Bakinsa na warin taba.

"Ke 'yar ƙauye, ina yayanki?"

Ban ce komai ba.

Ya kama ƙaramin yatsana ya fara lanƙwasa shi baya. "Ina yayanki?"

Gwaggo daga ƙasa ta ce, "Bebiya ce! Tambayi kowa a unguwar nan!"

Na ji yatsan ya yi ƙas. Na ciji harshena. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya sake ni ya goge hannunsa a labule.

Gwaggo ta ɗaure mini yatsan da tsinken cin abinci. Tana ɗaurewa tana kuka tana cewa, "Yau rashin bakinki ya yi rana." Ba jarumta ba ce. Ko na so in yi magana babu abin da zai fito.

Lahadi, 21 ga Yuni, da safe

Yatsa ya yi baƙi. Wani mutum yana tsaye a bakin layinmu da jarida, ba ya juya shafi.

Talata, 23 ga Yuni, da yamma

Na kai wa Yaya kunun shinkafa a kasuwa, na bi ta layin kifi na zagaya. Jikinsa kamar murhu. Idon ya kumbura ya rufe. Bai gane ni ba, yana ta kiran Tonguk.

A wurin ajiye motoci na ji Gwaggo da Kawu Pyo. Ta ce 'yan sanda suna tsaye a tashar jirgi da tashar mota suna duba duk wani saurayi. In Yaya ya zauna a rumbun nan kuma zazzaɓi zai kashe shi. A ƙauye akwai tsohon likita da ba ya tambaya. Hanya ɗaya ta rage.

Kawu Pyo ya ce, "Ina da 'ya'ya fa, Malama."

"Na sani."

"In suka kama mu har motar za su ƙwace."

"Na sani."

Ya daɗe yana goge madubi da ya riga ya goge. Sannan ya ce, "Kujerar baya tana ɗaguwa. Amma ni ban ga komai ba, kuma ke muguwar mace ce."

Alhamis, 25 ga Yuni, da rana

Kawu Pyo ya tafi ɗauko matan ƙauyenmu. Na dafa ƙwai, na jera hulunan rawaya da muke ba baƙi. Inna ba ta san komai ba.

Asabar, 27 ga Yuni, da safe, a ƙauye

Da ƙyar nake riƙe fensir, bakina kuma ba ya shan ruwa sai ta gefe. Amma sai na rubuta jiya.

Sun sauko daga mota a gaban fada cikin rigunansu na biki, fuskoki duk sun yi baƙi da ranar gona. Mutuniyar Namwon ce ta fara saukowa, wadda aka auro daga can tun kafin a haife ni, muryarta har gonar ƙarshe ake jinta. Ta ce, "Kai! Wannan ne Seoul? To me ya sa yake wari kamar an ƙona barkono?" Gwaggo ta ce gyaran titi ake yi.

Inna ta rungume ni. Tana riƙe da ƙunshin wainar shinkafa da kwalbar man riɗi na Yaya. Ta duba bayana ta ce, "Ina yayanki?" Gwaggo ta ce jarrabawa yake, zai same mu a kasuwa. Inna ta dubi kunnen Gwaggo. Ta dubi yatsana. Ba ta sake tambaya ba, amma ba ta saki ƙunshin ba duk yinin.

Gwaggo ta ɗaga tuta muka shiga. Ta nuna musu inda sarki ke zama da tafkin da ake biki a tsakiyarsa. Mutuniyar Namwon ta leƙa ɗakin sarauniya ta ce, "Duk wannan faɗin wa ke gogewa? Ni da an ba ni tsakar gidan nan da na shanya barkono." Aka yi hoto, kowa da hular rawaya, babu mai murmushi sai ita. Muka hau dutsen Namsan, suka ci abinci a gindin hasumiya, suka sha giyar shinkafa. Daga sama ana ganin hayaƙi yana tashi wuri-wuri a cikin gari. Wata ta ce shi ma gyaran titi ne? Babu wanda ya yi dariya.

Kasuwa ce zangon ƙarshe. Muna sauka abin ya ɓarke. Mutane suka kwararo ta ko'ina, gwangwanaye na faɗowa suna juyi a ƙasa suna feshi. Matan suka fara tari, wasu na amai. Wani ɗan kasuwa ya faɗi a gabanmu, aka bi ta kansa. Masu fararen huluna suna dukan duk wanda ke gudu. Gwaggo ta ɗaga tutar sama, hawaye da majina na zuba, tana ihu, "Ku bi tuta! A hannun hagunku tsohuwar ƙofar gari ce! Kada ku yi gudu, ku bi tuta!" Suka riƙe bayan rigunan juna kamar yara. Kulki ya sami Mutuniyar Namwon a kafaɗa, ta juya ta zagi uwar mai kulkin, ba ta saki layi ba.

A tsakiyar layin nan mai taliya ta cuso mana wata doguwar tsohuwa mai wandon gona na furanni, da tawul a ka, da hular rawaya. Ƙafafunta na jan ƙasa. Inna ta dubi hannun tsohuwar sau ɗaya, ta gane Yaya ne. Ba ta yi ihu ba. Ta shiga ƙarƙashin hammatarsa ta ɗauke shi kamar damin shinkafa.

A cikin mota kowa ya gani. Babu wadda ta tambaya. Aka ɗaga kujerar baya aka kwantar da shi, aka mayar. Manyan tsofaffi suka zauna a kai.

Zan huta. Bakin yana zafi.

Asabar, da la'asar

Rana ba ta faɗi ba muka iso gadar kogin Han. 'Yan sanda sun datse hanya. Suna shiga kowace mota. A gefen titi samari ne a durƙushe, hannuwa a ƙeya, wani yana bin su da ƙafa. Muna kallo aka sauko da wani daga bas ɗin gabanmu, aka buga kansa da ƙofa.

Kawu Pyo ya kai hannu zai kashe kaset kamar kullum. Ya buɗe baki zai ce ku zauna.

Inna ta ce, "Direba, ƙara murya."

Inna da ko a biki ba ta rawa. Ta miƙe ta shiga tsakanin kujeru ta ɗaga kafaɗu. Mutuniyar Namwon ta gane. Ta ce, "Ku tashi, tsofaffin banza! Kallo muka zo ko makoki?" Duk suka tashi. Hanyar ta cushe daga gaba har baya, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Motar ta fara girgiza.

Mai farar hula ya shigo, wani a bayansa a kan matakala.

"Me ye haka? Ba ku san an hana ba? Ku zauna!"

Mutuniyar Namwon ta kama hannunsa tana juyi. "Zo, ango! Kana da mata? Ina da jika mai ƙiba!" Wata ta tura masa ƙwai a baki. Wata ta miƙa masa kofin giya.

Ya mari Kawu Pyo ya ce ya kashe abin nan. Kawu Pyo ya yi kamar yana neman maɓalli. Mutumin ya ɗaga kulki ya sauke a kan rediyon. Sau biyu. Kaset ya mutu.

Shiru. Ƙafafu suka tsaya. Matan suka tsaya da hannuwa a sama ba su san yadda za su yi ba. Ya fara ture su gefe yana nufar baya. A cikin shirun nan na ji Yaya ya yi nishi a ƙarƙashin kujera. Ƙarami ne. Na gaba ba zai zama ƙarami ba.

Makirfo yana kan kujerar Gwaggo kusa da gwiwata. Wayarsa daban take da ta rediyo.

Ban san lokacin da na ɗauka ba. Waƙar dashen shinkafa ce ta fito, wadda ake yi ana sunkuye a cikin ruwa, ita kaɗai na sani. Muryata ta fashe a lasifika, mummuna, tana rawa. Mutumin ya juyo.

"Ke, rufe mini baki."

Na rufe ido na ƙara ƙarfi.

Da gindin kulki ya buga. Makirfon ya shige bakina, na ji haƙori ya karye, na ji ɗumi yana gangarowa a wuyana. Na faɗi a kan matakala. Wayar tana hannuna. Na jawo makirfon na ci gaba daga inda na tsaya.

Sai amshi ya zo daga baya. Duk matan ƙauyenmu, da muryar da suke yi da ita a gona. Suna amshi suna dukan ƙasan motar da ƙafa, suna matso shi. Mutuniyar Namwon ta daina wasa. Ta kama gaban rigarsa tana ihu a fuskarsa, "'Yar yarinya ka fasa wa baki? Don waƙa? Wace ce uwarka? Faɗa mini garinku in je in gan ta!" Kakar gidan niƙa, wadda ta fi kowa tsufa, ta cire hularta ta miƙa masa farin kanta ta ce, "Ga nawa, ɗana. Fasa." Ya ɗaga kulkin. Ya tsaya da shi a sama. Yaro ne ashe, akwai ƙuraje a haɓarsa.

Na kan matakala ya ce, "Kai, fito. Mahaukatan tsofaffi ne, sun bugu. Layi ya yi tsawo."

Suka karɓe lasin Kawu Pyo, suka ƙara masa mari, suka ce mu ɓace.

Ban daina ba. Har muka haye gadar ina yi, har gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Gwaggo ce ta ɓamɓare yatsuna daga makirfon. Ta ce, "Ya isa, Kumnye. Ya isa haka." Rigata duk ta jiƙe.

Litinin, 29 ga Yuni, da rana

Tsohon likita ya ce idon ya tafi. Sauran kuma sai zazzaɓi ya sauka a gani. Inna tana zaune a kansa, ba ta ci ba.

Har yanzu babu labarin Yaya Tonguk. Takalmin yana cikin jakata.

Laraba, 1 ga Yuli, da safe

In na rufe ido sai in ji bugun nan a jikin mota. Sai in buɗe.

Alhamis, 2 ga Yuli, da hantsi

Ina masa fifita ya buɗe ido ɗayan. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya dubi bakina.

"Wa ya yi miki haka?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Na yi mafarki an rufe ni a akwati. Ga duhu, ga zafi. Sai wata akuya ta yi ta kuka a kaina, ta hana ni tafiya. Ban taɓa jin mummunar murya irin wannan ba."

Inna tana bakin ƙofa da kwanon kunu, ta tsaya.

Na ce, "Ni ce."

Iska ta fita ta gurbin haƙorin, maganar ta fito da fito. Ya fara dariya, ɗinkin ya ja shi, ya daina. Ya lalubo hannuna, mai yatsan da aka ɗaure, ya riƙe a hankali.

Ya ce, "To ƙarasa mini. Ban ji ƙarshenta ba."